Hangen Dala ba shiga birni ba: daga tashar jirgi zuwa garin tudu a Italiya

A wannan wata zan ba ku labarin wata ƴar tafiya da na yi a ƙasar Italiya. Ba doguwar tafiya ba ce. Amma a cikinta na ga abin da hanya take yi ma gari, da abin da rashinta yake yi mashi.

Italiya tana cikin Turai, a arewacin Libiya da Tunusiya, bayan an ƙetare teku. Babban birninta Roma. Ƙasa ce mai duwatsu da tuddai da yawa. Tsofaffin garuruwanta na karkara, da dama daga cikinsu, a kan tudu suke zaune. Jirgin ƙasa kuwa ba ya son hawa. Ƙafafunsa na ƙarfe ne, hanyarsa ma ta ƙarfe ce. In gangare ya yi tsanani sai ya riƙa sulɓi. Shi ya sa ake shimfiɗa mashi hanya a cikin kwari. Ga tasha a ƙasa, ga gari a sama. Sunansu ɗaya, amma ba wuri ɗaya suke ba.

Tasha ba gari ba ce

A watan Oktoba na shekarar 2019 aikin gona ya kai ni Roma. Da aka gama aiki, na samu hutun kwana uku. Na ce bari in fita birni in ga yadda mutanen karkara suke zaune. Na zaɓi wani gari da ake ce ma Orbiyeto, a jihar Umbiriya. Yana arewa da Roma, a kan hanyar jirgin da ke zuwa birnin Firenze.

Ran Juma'a da hantsi na je babbar tashar Roma, wadda ake ce ma Termini. Na sayi takardar shiga, wato biye. Akwai abu biyu da baƙo ya kamata ya sani a nan. Na farko, jiragen nan masu tsananin gudu ba su tsayawa a ƙananan garuruwa. Sai ka nemi wanda ke tsayawa tasha tasha. Na biyu, in biyenka na takarda ne na irin wannan jirgi, sai ka sa shi cikin wani ɗan inji ya buga mashi rana da lokaci kafin ka shiga. Wanda bai buga ba, ana cin shi tara ko da ya biya kuɗi.

Mun yi awa ɗaya da ƴan mintoci muna tafiya. Ta taga ina ganin gonakin alkama da aka riga aka girbe, da itatuwan zaitun, da inabi a jere kamar an ja igiya. Nan da can garken tumaki. A kan kusan kowane tudu akwai gari, da ganuwa, da hasumiya.

Da jirgi ya tsaya na sauka. Allon tasha ya ce Orbiyeto. Amma unguwar da tashar take ciki sunanta Orbiyeto Skalo. Wannan kalma ta «skalo» tana nufin wurin sauka da lodi. Da na fito ƙofar tasha na ɗaga kai, sai ga wani ƙaton dutse mai launin ƙasa, a tsaye kamar bango. Gidaje na can bisa kansa. Shi ne garin. Daga inda nake tsaye zuwa bakin garin, tsayin ya kai metir 157. Ku da kuke awon rijiya da gaba, wajen gaba 90 ke nan. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba.

Ba Orbiyeto kaɗai ke haka ba. Mai zuwa garin Kortona, a Kamuciya yake sauka, sannan ya nemi mota ta hau da shi. Mai zuwa Asizi, a cikin fili yake sauka, garin na can jikin tudu, kamar kilometir 4. Tashar da ke ɗauke da sunan Montepulcano kuwa ta yi wajen kilometir 10 da garin. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ya iso, alhali da sauran tafiya.

Me ya kai su bisa?

Duk manomi zai yi wannan tambaya. Ruwa yana kwari, ƙasa mai kyau tana kwari. Me zai sa mutum ya gina gida a kan dutse?

Dalili na farko yaƙi ne. Shekaru aru aru garuruwan Italiya suna yaƙi da juna, baƙin mayaƙa kuma suna ratsa ƙasar. Wanda ke bisa yana hango abokin gaba tun daga nesa. Dutsen Orbiyeto ma bai buƙaci doguwar ganuwa ba, shi kansa ganuwa ne. Tun kafin daular Roma ta yi ƙarfi, wasu mutane da ake ce ma Eturuska suke zaune a kansa.

Dalili na biyu sauro ne. A da, kwaruruka da yawa fadamu ne masu kwantaccen ruwa. Wanda ya kwana a can sai zazzaɓi ya kama shi. Mutanen da ba su san sauro ne ke kawo ciwon ba, sun ɗauka iskar fadama ce. Sunan «malariya» ma daga harshensu ya fito, ma'anarsa mugunyar iska. Sai su yi noma a ƙasa da rana, su hau tudu su kwana.

Daga baya abubuwan nan biyu suka kau. Yaƙin garuruwa ya ƙare. Aka janye ruwan fadamu, aka yaƙi sauro, har a shekarar 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa babu sauran zazzaɓin cizon sauro a Italiya. Jirgin ƙasa ya iso gindin dutsen Orbiyeto a shekarar 1865. Babbar hanyar mota da ta haɗa arewa da kudu ta biyo ta nan a shekarar 1964. Duk a kwari suka bi. Tudun da ya tsare mutane jiya, yau shi ne ya raba su da hanya.

Jirgin igiya

Mutanen Orbiyeto ba su zauna suna kallo ba. A shekarar 1888 suka yi wata dabara. Da ka fito tashar jirgi ka ƙetare fili, sai ga ƙofarta. Su suna ce mata «funikolare». Ni na sa mata suna jirgin igiya.

Ga yadda take. Ku tuna da itacen nan mai juyawa da ake kafawa a bakin rijiya mai zurfi, igiya ta bi ta kansa. To, a ce an ɗaura guga a kowane bakin igiyar. In ɗaya ya sauka, dole ɗaya ya hau. Haka jirgin igiya yake. Tarago biyu ne, an ɗaure su da igiyar ƙarfe guda ɗaya mai kauri. Igiyar ta zagaya wani ƙaton gargare a bisa tudu. Hanyar ƙarfe ɗaya ce, sai a tsakiya ta rabu biyu don taragon su wuce juna. Tsawonta metir 580.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take aiki a da. Ba gawayi, ba mai, ba lantarki. Ruwa ne kawai. Kowane tarago yana da tanki. Wanda ke bisa sai a cika mashi tanki da ruwa har ya fi na ƙasa nauyi. Sai a saki birki. Mai nauyi ya gangaro a hankali, ya jawo ɗan uwansa sama da mutane da kaya. In ya iso ƙasa a zubar da ruwan, a cika ma wancan. Haka aka yi ta yi har shekarar 1970, lokacin da aka rufe ta. Ta yi shekara 20 a rufe. A shekarar 1990 aka sake buɗe ta, da wutar lantarki.

Na sayi biye a bakin ƙofa. A lokacin bai kai euro 2 ba, wato bai kai jikka ɗaya da rabi ba a kuɗinmu. Na shiga tare da ƴan lakkol da wata tsohuwa mai jan kwandon cefane. Tarago ya ɗaga. Tasha ta yi ta ƙanƙancewa a bayanmu, kogin Paliya ya bayyana, gonaki suka buɗe. A tsakiya muka gamu da ɗaya taragon yana sauka. Muka shiga wani rami a ƙarƙashin tsohuwar ganuwa, muka fito cikin gari. Duka duka ƴan mintoci ne. Kowane minti 10 ko 15 tarago yana tashi, tun da safe har bayan faɗuwar rana. Cikin dare ba ta aiki, sai mota.

A bisa akwai ƴar ƙaramar bus tana jira. Biyen nan ɗaya shi ne na shigarta. Ita ke kai mutum tsakiyar gari, gaban babbar majami'ar da aka fara gininta a shekarar 1290. Lokacin bus ɗin an daidaita shi da na taragon. Ba ka tsayawa kana zaman jira.

Rijiyar jakuna

Gari a kan dutse, ina ruwa? Wannan ita ce tambaya ta biyu, kuma amsarta tana dab da inda taragon ke tsayawa.

A shekarar 1527 mayaƙa suka afka ma Roma suka washe ta. Fafaroma na lokacin, Kilemen na 7, ya gudo Orbiyeto. Ya duba ya ga cewa in aka kewaye garin da yaƙi, ƙishirwa ce za ta ci shi, ba takobi ba. Sai ya sa wani gwanin magini mai suna Antoniyo da Sangallo ya haƙa rijiya. An yi shekara 10 ana aiki, aka gama a 1537.

Zurfinta metir 53, wajen gaba 30. Faɗinta metir 13. Ba a jan ruwanta da guga. A da, jakuna da alfadarai ne ke sauka har bakin ruwa, a yi masu lodi, su hau. Don kada mai sauka ya yi karo da mai hawa, maginin ya yi matakala biyu masu naɗe da juna kamar tufkar igiya. Ɗaya ta sauka, ɗaya ta hawa, kowace da ƙofarta. Taki 248 ne a kowace hanya, masu faɗi, marasa tsayi, daidai ƙafar jaki mai kaya. An huda tagogi kamar 70 a jikin bangon don haske ya shiga.

Na sauka har ƙasa. Sanyi yana ƙaruwa, haske yana raguwa. A gindi akwai ƴar gada a kan ruwa. Ka bi ta kanta, ka kama ɗaya matakalar. Da na fito gwiwoyina suna rawa. Na tuna da jakunanmu da matanmu, da nisan da suke yi kowace safiya.

Dutsen garin mai laushi ne, ana iya sassaƙa shi. Ƙarƙashin gidaje akwai ramuka fiye da 1000 da mutane suka haƙa tun zamanin da. Wasu na ajiyar ruwan sama ne. Wasu na matsar man zaitun. Wasu an yi masu ƙananan kogo a bango don kiwon tantabaru. Tantabara ta fita ta ci a daji, ta dawo ta yi ƙwai a gida, mai ita ya samu nama ba tare da ya ba ta hatsi ba. Amma laushin nan yana da haɗari. Gefen dutsen yana tsagewa yana zubewa. A shekarar 1978 aka yi doka ta musamman don a kashe kuɗin gwamnati a tallafe shi.

Da marece na zauna a wani dandali kusa da wani dattijo. Yana jin Faransanci kaɗan, muka taɓa hira. Ya gaya mani cewa ƴaƴansa duk sun koma ƙasa, kusa da tasha. A can gidaje sababbi ne, mota tana zuwa har ƙofa, manyan kantuna suna kusa. Shi ya ƙi sauka. Na ce: «Baba, ba ka jin kaɗaici?» Ya nuna wajen jirgin igiya da sandarsa. Ya ce muddin abin can yana hawa yana sauka, jikokinsa za su zo cin abinci ran Lahadi. Da ya ji ina son zuwa Cibita, sai ya ce in tafi gobe Asabar, kada in bari sai Lahadi, kuma in tambayi lokacin motar ƙarshe tun kafin in sauka daga ta farko.

Garin da hanyarsa ta zube

Cibita wani ƙaramin gari ne, kamar kilometir 20 daga Orbiyeto. Jirgin ƙasa ba ya zuwa kusa da shi. Sai ka shiga bus zuwa garin Banyorejo. Biyen bus ba kullum ake sayar da shi cikin mota ba. A shagon taba ake saye, mai alamar harafin T a ƙofa. Na sayi biyu, na zuwa da na dawowa.

Motar ta yi ta kwana kwana cikin tuddai, ba mu kai awa ɗaya ba muka iso. Kafin in sauka na tambayi direba lokacin motar ƙarshe, ya rubuta mani a bayan biye. Daga nan sai ƙafa. Na ratsa Banyorejo daga wannan baki zuwa wancan, kusan rabin awa. Sai ƙasa ta ƙare a gabana. Ga wani makeken kwari, duk kwazazzabai farare. A tsakiyarsa wani tsauni shi kaɗai, da ƴan gidaje a kansa kamar hula. Gada ɗaya ce siririya ta haɗa shi da duniya, tsawonta kamar metir 300. An gina ta da siminti a shekarar 1965. Mota ba ta hawanta. Mutum da ƙafarsa, kaya kuma a kan babur ko wata ƴar ƙaramar mota mai kamar amalanke.

A da Cibita da Banyorejo a haɗe suke da doron ƙasa, kuma Cibita ce babba. Amma dutsen yana zaune a kan yumɓu. Ruwan sama da ƙoramu biyu suna cin yumɓun daga ƙasa, sai dutsen ya rasa abin dogara ya faɗi, da gidajen da ke kansa. A shekarar 1695 girgizar ƙasa ta yi mata mummunar ɓarna. Manyan gari suka koma Banyorejo. Hanya ta yi ta zubewa, mutane suka yi ta tashi. Har aka yi mata laƙabi da gari mai mutuwa.

Na hau gadar ina haki, don ƙarshenta hawa ne sosai. Cikin garin tsaf tsaf, furanni a kowace ƙofa, kyanwoyi kwance a rana. Baƙi masu yawon buɗe ido sun cika shi, har tun shekarar 2013 ana biyan kuɗin shiga. Amma waɗanda ke kwana a cikinsa rani da damina ba su kai mutum 20 ba. Ban ga lakkol ba. Ban ji kukan jariri ba. Jakunan da suka yi ta hawa da kaya a da, yanzu sai ranar tseren jakuna ake ganinsu a dandali. Kuɗi na shiga garin, amma gari ba kuɗi kaɗai ba ne.

Da na tsaya bakin ganuwa ina kallon kwazazzaban nan, sai na ga kamar ina Adar. Ciwon ɗaya ne: ruwa ya faɗo a kan ƙasa marar sutura, ya kwashe ta. Mutanen Keita sun san wannan. Tun daga shekarar 1984 ƙasar Italiya ta sa kuɗi a babban aikin nan na raya karkarar Keita, inda maza da mata suka jera duwatsu, suka haƙa ramuka a jikin tuddai, suka dasa itatuwa. Waɗanda suka kawo taimakon, su ma a gidansu suna fama da zaizayar ƙasa.

Na koma Banyorejo da sauran lokaci, na samu motata. Ran Lahadi da safe na sauko da jirgin igiya don in koma Roma. A ƙofar tasha na tarar da wasu samari biyu da jakunkuna a baya, suna neman motar Banyorejo. Aka ce masu yau babu, sai gobe. Mai taksi ya faɗa masu kuɗin da ya ninka na jirgin da ya kawo su daga Roma. Suka tsaya suna duban juna.

Abin da na riƙe

Ga wanda tafiya za ta kai can wata rana, ko ɗansa, ko ƙanensa, ga abin da zai kiyaye. Ka tambaya tun kana gida ko tashar tana cikin gari ko tana ƙasa. Ka iso da rana, kada dare ya same ka a tasha. Ka san cewa ran Lahadi da ranakun hutu motoci suna raguwa, wasu ma babu su. Ka sayi biyen dawowa tare da na zuwa. Ka rage kaya, don hawa ne da matakala. Kuma ka yi tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Ga mu da muke gida kuwa, ku dubi garuruwan nan biyu. Dukansu a kan dutse iri ɗaya suke. Dukansu babbar hanya ta bar su a gefe. Orbiyeto ta samu abin da ya haɗa ta da tasha, mai araha, mai zuwa a kan lokaci, wanda tsohuwa da ɗan lakkol za su iya shiga. Tana nan da kasuwarta da yaranta. Cibita kuwa ƙasa ta ci hanyarta, gada ba ta zo ba sai bayan mutane sun watse.

Yawancin garuruwanmu ba su bakin kwalta. Tsakaninmu da ita akwai kilometir 5, ko 10, ko 20, na rairayi ko na kwazazzabo. Wannan ɗan guntun shi ne ke sa albasa ta ruɓe kafin ta kai kasuwa, shi ne ke tsai da mai naƙuda a hanya. In ƙorama ta fara cin hanyarku, kada ku jira ta yi zurfin mutum. Ku taru tun da rani, ku jera duwatsu, ku dasa itace a bakinta. Amalanken gari da jakunansa, a kula da su kamar yadda mutanen Orbiyeto ke kula da taragonsu.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.